Zagayen gine-ginen Owusu Addo a Tek: sidi 150 ɗin da na biya ya fita

Wasu matasa da suka gama karatun zanen gini a Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, sun fito da wata hidima da ban taɓa ganin irinta a Kumasi ba. Ranar Asabar suna tara mutane a Tek Junction, su shiga da su cikin jami'ar da ƙafa, su nuna musu tsofaffin gine-ginen wurin, galibi waɗanda Farfesa John Owusu Addo ya zana ko ya sa hannu a ciki. Kowane mutum sidi 150 ne, har da ruwan sha da ɗan abin taɓawa. Ana tashi da hantsi, a gama bayan azahar. Na je ni da ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a hannuna, na biya mana mu biyu, kuma kuɗin ya fita. Akwai dai inda suka gaza, zan kuma faɗa.

Ni magini ne. A Aboabo nake zaune, aikina kuwa yawanci a Asawase ne da Sawaba da Asokore Mampong. Saboda haka da idon mai riƙe cokalin gini na kalli abin, kuma maganata ta fi shafar abokan sana'ata da masu tara kuɗin bulo suna shirin gina gida a zango.

Zafi ne ya kai ni. Duk wanda ya kwana a ɗakin haya na zamani a unguwanninmu cikin watan Fabrairu ko Maris ya san abin da nake nufi. Bulo inci biyar, taga guda ɗaya ta gilashi mai zugewa wadda ko an buɗe ta rabi kawai take buɗuwa, silin dab da kai, ga kuma yayin da ake yi yanzu na ɓoye rufi a bayan katanga, ta yadda babu ko taƙi ɗaya na kwano da ya leƙo ya yi wa bango inuwa. Rana ta wuni tana dukan bangon, siminti ya sha zafi ya ƙoshi, da dare kuma ya riƙa sako shi cikin ɗaki. In akwai wuta a kunna fanka ta yi ta juya iska mai zafi, mai hali ya kunna esi mita ta cinye kuɗinsa. In an ɗauke wuta kuwa, sai tabarma a waje. A shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2014 da 2015 mun ga tsofaffi da masu jego suna kwana a tsakar gida har asuba, sauro na cizo. Masu gida ne ke neman irin wannan gini, mu kuma mu yi musu, amma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha jin ana cewa gine-ginen Tek na dauri ba sa buƙatar esi, sai na ce bari in je in taɓa da hannuna.

Wadda ta jagorance mu yarinya ce 'yar Asante, sa'ar 'yata ta biyu, tare da wani saurayi ɗan Ayigya Zango da ke taimaka mata. Kafin mu ga gini ko ɗaya sai da ta tsayar da mu a inuwar wata bishiya ta ba mu tarihi, kuma ta iya ba da labari, ba ta karantawa daga waya. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Agyeman Prempeh na Biyu, shi ya ba da filin. An buɗe makarantar a watan Janairun 1952 da ɗalibai 200 masu koyon aikin malanta da aka kwaso daga Achimota, a lokacin sunanta Kumasi College of Technology. A 1958 aka ɗauki ɗaliban farko na sashen zanen gini, a 1961 ta zama cikakkiyar jami'a da sunan Kwame Nkrumah. Da sojoji suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairun 1966 sai aka cire sunansa daga jami'ar, ba a mayar ba sai 1998.

Shi Owusu Addo an haife shi a 1928. Aikin malanta ya fara koya, yana da hannun zane, daga nan ya tafi Landan ya karanci zanen gini a Regent Street Polytechnic. Da ya dawo ya yi aiki a Ankara a ofishin Kenneth Scott, wani mai zanen gini da ya zauna a Gana, sannan a 1961 ya komo Kumasi ya shiga ofishin da ke kula da gine-ginen jami'ar. A nan ya haɗu da Miro Marasović, mutumin Yugoslabiya. Wannan haɗuwa ba haka kawai ta faru ba. Nkrumah da Tito suna ɗasawa, su ne cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961, kuma Nkrumah yana so a daina dogara da Turawan Ingila su kaɗai, yana so 'yan ƙasa su riƙe manyan ayyuka. Sai aka samu masu zane daga Yugoslabiya a Kumasi, 'yan Poland a Ankara suna aikin filin baje koli na La tare da Victor Adegbite. Owusu Addo ya koyar a jami'ar shekaru da yawa, ya zama farfesa, ya kai har mataimakin shugaban jami'a. Wanda ya san Cedi House a Ankara, inda kasuwar hannun jari take, to zanensa ne, an gama shi a 1973.

Ta kuma yi adalci, ba ta ce shi ya ƙirƙiro salon ba. Ta koma baya ga Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, Turawan Ingila. Fry ya zo nan da kakin soja lokacin yaƙin duniya na biyu, a 1944 aka naɗa shi mai ba da shawara kan tsarin birane a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, Drew ta biyo shi suka yi aikin tare. Su suka zana gine-ginen Prempeh College da ke Sofoline da Opoku Ware da ke Santasi, da jami'ar Badun a Najeriya, a 1951 kuma suka je Indiya suka yi aikin birnin Chandigarh tare da shahararren mai zanen gini Le Corbusier. Dokokin da suka bi ba su da yawa, kuma duk magini zai gane su. Mu nan rana kusan ta tsakiyar ka take wucewa, saboda haka bangon kudu da na arewa ɗan rufi kaɗan ya isa ya kare su, amma na gabas da na yamma su ne rana ke soka kai tsaye da safe da la'asar. To sai a miƙe gini daga gabas zuwa yamma, dogayen fuskokinsa su kalli kudu da arewa, ƙananan kawunansa su bai wa rana baya. A yi shi siriri, faɗin ɗaki ɗaya da baranda, taga ta kalli taga, domin iskarmu da ke tasowa daga kudu maso yamma ta shiga ta nan ta fita ta can. Inda za a sa bango toshe, a sa bulo mai huji ko luba, wato taga mai jerin siraran gilasai da ake karkatawa. Shi ke nan fa. Saura duk iya hannu ne.

Wurin farko da muka tsaya shi ne ɗakin aikin injiniyoyi da James Cubitt ya zana tun shekarun 1950, mai manyan kankare masu siffar harafin Y a sama, haske na shigowa ta can bisa. Yana da kyau, amma irin aikin da sai babban kamfani ne, ban ga abin da zan ɗauka in kai Sawaba ba. Muka wuce.

Gidan hutun manyan ma'aikata shi ne ya tsayar da ni. Wannan na Owusu Addo ne da abokan aikinsa 'yan Yugoslabiya, na wajen 1964. An ɗaga shi bisa ginshiƙai, ƙasansa a buɗe iska na ratsawa, samansa kuma rufin ya fito sosai ya wuce bango ta kowane gefe, kamar malafa a kan manomi. Mun iso wurin rana ta riga ta take, rigata ta jiƙe da gumi, da shigarmu ƙarƙashinsa sai na ji jikina ya sake. Yarinyar ba ta ce komai ba tukuna. Ta ciro wani ɗan zaren ɗinki daga jakarta ta riƙe shi a tsakanin yatsu biyu, zaren ya kwanta gefe guda ya tsaya a haka, alhali a waje ko ganye ba ka ganin yana motsi sosai. Sai ta ce kowa ya je ya ɗora tafinsa a kan wani dakali da rana ke duka, ya dawo ya ɗora a kan ginshiƙin da ke inuwa. Kankare ɗaya ne, siminti ɗaya, amma na farko ba ka iya barin hannunka a kai, na biyu kuwa da sanyinsa. Ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, “Kawu, ashe ba kaurin bango ba ne.” Na ce masa kauri na da nasa aikin, amma bangon da rana ba ta taɓa ba ya fi wanda ta wuni a kansa, ko da inci tara ne.

Wannan dabara ta zare da tafin hannu ita ce mafi daraja a duk zagayen, kuma ita ce ta sa nake cewa kuɗin ya fita. Da bayani kawai ta yi mana da na saurara in manta. Na ga masu zanen gini da yawa a wurin aiki, su zo da takarda su yi Turanci su tafi, ba wanda ya taɓa sa ni in ji da fatata dalilin abin da ya zana.

Yayin da sauran ke ɗaukar hoto, ni na tsaya duba aikin hannu, don nan ne ake gane gaskiyar gini. Kusurwoyin a miƙe suke, na sa ido daga ƙasa har sama ban ga inda ginshiƙi ya yi ciki ko ya karkace ba. A ƙarƙashin bakin dakin, wato kankaren da aka zuba a sama, na nuna wa yaron ɗan kwarmin da ake bari tun lokacin zuba kankare, siriri kamar faɗin yatsa, wanda ke tare ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ƙasan dakin ya koma jikin bango. Sanda ɗaya ce ta katako kafinta zai kafa a cikin akwatin zubi, ba ta cin kuɗi, amma yau a cikin gidaje goma da ƙyar ka ga ɗaya da aka yi masa, shi ya sa bangonmu ke yin baƙi da gansakuka bayan damina biyu. Kumasi kuwa garin ruwa ne, damina biyu muke yi a shekara. Wanda ya zana ya san haka, wanda ya zuba ma ya san haka.

Daga nan muka nufi Unity Hall, wanda ɗalibai ke kira Konti. Shi ne aikin da aka fi sanin Owusu Addo da Marasović da shi a Kumasi, an buɗe shi a 1968, bayan faɗuwar mutumin da ya yi mafarkinsa. Dogayen benaye ne guda biyu, da fili da ƙananan gine-gine a tsakaninsu. Ana yawan kwatanta shi da wani ginin Le Corbusier da ke Marseille a Faransa, ta kuma nuna mana hotonsa a waya, kamar tana nan. Amma abin da ya ja hankalina daban ne. In ka tsaya daga nesa, fuskar ginin duk ramuka ce, domin ɗakunan an tura su ciki, baranda ce a gaba. Rana ta faɗi a kan baranda, tagar tana can baya a inuwa. Kowane hawa yana yi wa na ƙasa da shi rumfa. Wato ginin da kansa yake kare kansa, ba a jira labule ko gilashi mai duhu ya yi aikin ba. Ba mu shiga ɗakuna ba, don mutane ne ke kwana a ciki, kuma haka ya dace. Amma a hanyoyin da ke ƙasa ta sake ciro zarenta, ya sake kwantawa.

A nan na fahimci abin da ya bambanta aikin Owusu Addo da na Fry da Drew, ko da yake yarinyar ba da wannan lafazi ta faɗa ba. Su makarantun sakandare suka yi wa gwamnatin mulkin mallaka da 'yan mishan, masu hawa biyu ko uku, su ɗan saka siffar kujerar sarautar Asante a jikin bulon baranda don ginin ya yi kama da na gida. Shi kuwa ƙasa mai 'yanci ce ta ce masa tana son ta kwantar da ɗaruruwan 'ya'yanta a wuri ɗaya, su fito injiniyoyi da masu haɗa magani, sai ya ɗauki dokokin nan na rana da iska ya hau da su sama. Ban ga ya damu da kwalliyar jikin bango ba. Abin da ya fi ba muhimmanci shi ne inda mutane za su haɗu, su zauna, su ci abinci, su yi hira a fili, kuma wannan ai tsarin gidanmu ne na tsakar gida, ko na Asante ko na Hausa. Africa Hall, wanda aka buɗe a 1967 shi ma da hannunsa a ciki, daga waje kawai muka gan shi, lokaci ya riga ya ƙure.

To, ga inda ban gamsu ba.

Na tambaye ta, “'Yata, su wa suka zuba wannan kankaren?” Ta ce, “Baba, sunayen masu zane muke da su.” Ta faɗi gaskiya, na kuma yaba mata da ba ta ƙirƙiro amsa ba. Amma zagaye na wuni guda a kan gini, a ce babu ko jimla biyu game da magina da kafintoci da masu ɗaurin rodi da leburori, wannan giɓi ne babba. A wancan zamani babu motar da ke kawo kwaɓaɓɓen kankare ta harba shi sama da bututu kamar yau, aikin ƙarfi ne da kwanon ɗauka. A zangunanmu akwai tsofaffin da iyayensu suka zo daga arewa neman aiki a Kumasi, wasu sun yi lebura a manyan gine-ginen gwamnati. Tek Junction ce kawai ta raba jami'ar da Ayigya Zango. In matasan nan suka tsallaka titi suka zauna da dattawa suka tambaya, na tabbata za su samu labarin da babu shi a takarda.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don ya shafe mu kai tsaye. Ita da kanta ta ambaci cewa Fry da Drew sun zana tsarin garin Kumasi a 1945, kuma a wannan tsakani ne aka gina rukunin gidajen Asawase, inda aka gwada bulon jar ƙasa da aka cakuɗa da ɗan siminti. Ta faɗa ta wuce. Haba! Wannan ai shi ne abin da ya fi kusa da rayuwar talaka a duk labarin. Gidan farfesa da ɗakin kwanan ɗalibi a cikin fili mai bishiyoyi abu ne mai kyau, amma tambayar da ke gabanmu ita ce yadda za a yi wa mai ƙaramin ƙarfi ɗaki mai sanyi da kayan da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Asawase ba ta da nisa, motar haya ta trotro ɗaya ce ko biyu. Kamata ya yi a ƙare zagayen a can, a ga abin da ya rage na waɗancan gidaje da yadda mazauna suka ƙara musu ɗakuna. Haka nan gidajen gargajiya na Asante irin na Besease kusa da Ejisu, waɗanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya tun 1980, ba a ambace su ba sai da wani ya tambaya, alhali ɗakuna huɗu masu kallon tsakar gida da dogon rufi mai inuwa sun riga kowane Bature zuwa nan.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne amma suna iya hana mutanenmu zuwa. Da Turanci ake bayani, a ɗan sa Tuwi, yaren Asante, saurayin Ayigya shi ke matsowa kusa da ni yana mayar mini da wasu wurare cikin Hausa, Allah ya saka masa. Ba a tsara lokacin salla ba, sai da na yi magana aka dakata muka je masallacin jami'a muka dawo, sauran suna jira a rana, abin bai yi mini daɗi ba. Abin taɓawar da suka raba da nama a ciki, kuma babu wanda ya iya gaya mini naman mene ne ko inda aka yanka, sai muka bar shi. Gasasshiyar ayaba da gyaɗa ta fi arha kuma kowa zai ci. Sannan mun yi yawa, na baya ba ya jin abin da ake faɗa sai ya yi ta kutsawa.

A hanyar fita muka yi 'yar muhawara ni da ita, kuma wannan ma yana cikin abin da na biya. Na ce mata duk abin da ta nuna mana fili ne ya ba shi dama. A Aboabo fulotinka bangon maƙwabci ne ta gabas, bangon wani ta yamma, kwata a gaba, ba ka da zaɓin inda gini zai kalla. Luba kuma mutanenmu sun guje ta ne da dalili: ɓarawo na zare gilasanta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙara ba, ƙurar hunturu na shiga, hayaniyar titi na shiga. Bulo mai huji yana kawo sauro da ƙadangare, kuma gidan Musulmi yana son sutura, ba a so mai wucewa ya hango iyali. Ba ta musa ko ɗaya ba. Ta ce, “Baba, to a ɗaga hujin sama da tsayin mutum. Iska mai zafi ai sama take hawa, ƙofa kawai take nema.” Ta ce luba da ƙarfen tsaro da raga tana buɗuwa kusan gaba ɗaya, mai zugewa kuwa rabi, kuma wanda ba shi da gabas da yamma yana da sama, ya bar tsakar gida ko da ƙarama ce maimakon ya rufe fulotin duka da ɗakunan haya.

Maganarta ta ƙarshe ita ce mai wuya, don ɗaki ɗaya da aka bari kuɗin haya ne aka bari, kuma mai gida da ya sha wuya kafin ya samu fili ba ya son jin haka. Ban ga laifinsa ba. Amma sauran duk masu yiwuwa ne, kuma ba su da tsada. A ƙara layi biyu na bulo a tsayin ɗaki. A bar huji da raga a can sama, a bango biyu masu kallon juna, a kuma bar wa cikin silin hanyar numfashi. A fito da kwano ya wuce bango da kamu ɗaya ko fiye. Bangon yamma, in ba makawa, a ba shi banɗaki ko sito ko matakala, kada a ba shi ɗakin kwana. Kakanninmu da suka yi soro da zaure da ƙananan tagogi can sama sun san rabin wannan, sai dai nasu na ƙasar rani ne mai busasshiyar iska, inda katon bangon ƙasa ke riƙe sanyin dare. Kumasi damshi gare ta, gumi ba ya bushewa sai iska ta ratsa jiki. Abin da Owusu Addo ya ƙware a kai ke nan, gini na ƙasar kurmi, kuma mu Hausawan da muka zauna a kurmi shi ya kamata mu koya.

Ta gaya mana cewa a 2024 gidan tarihi na V&A da ke Landan ya yi baje koli a kan wannan salon gini na Gana da Indiya, har da fim da aka yi hira da shi Owusu Addo a ciki. Na ji daɗi da aka girmama shi. Amma ya ba ni takaici a ce mutanen Landan sun biya kuɗi sun kalli hoton Konti, mu da muke wucewa ta gabansa a trotro muna zuba wa mutane gilashi a bangon yamma. Ɗaliban da ya koyar sun bazu a ofisoshin zane a duk ƙasar, amma yawancin gidajen zango ba mai zane ne ke tsara su ba, mai gida ne da magini suke tsayawa a fili su ja layi da ƙafa. In ilimin bai iso hannun magini ba, to bai iso unguwa ba. Shi ya sa nake ganin masu shirya zagayen nan sun fi kowa damar yin abin kirki, in suka waiwayo gare mu.

Na riga na gwada a aikin da ke hannuna a Sawaba, gidan wata Hajiya mai sayar da atamfa. Luba kam ta ƙi, ta ce ba za a ce gidanta na dā ne ba, ban kuma matsa mata ba. Amma da na kai ta bayan ginin da la'asar na ce, “Hajiya, taɓa nan,” ta ɗora hannu a bangon ta janye da sauri, sai ta yarda a fito da rufin a fasa ɓoye shi, a kuma bar huji a sama. Kuɗin ƙarin katako da kwano bai kai na katangar da za a ɗora don ɓoye rufin ba.

Wanda zai je ya sa takalmi mai daɗin tafiya da hula, don tafiyar da nisa, kuma ban ba tsoho mai ciwon gwiwa shawara ba. Ya zo da alwalarsa da ɗan abin da zai ci. In da hali ya zaɓi lokacin zafi, Fabrairu ko Maris, lokacin ne bambancin inuwa da rana ke fitowa sosai, da damina ba zai ji abin da na ji ba. Maigida mai yara a hannunsa ya tafi da ɗaya ko biyu, sun fi mu saurin kamawa. Na roƙi masu shiryawa su ware Asabar ɗaya a wata ta Hausa zalla, saurayin Ayigya ya jagoranta, su rage kuɗi ga yaran da ke koyon sana'a, su kuma ƙara Asawase a ƙarshe. Sun ce in na tara mutum goma za su yi, na kuwa fara yi wa magina magana a masallacinmu bayan sallar isha'i.